An rufe masallaci, amma mudu yana hannunmu

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman abokan sana'ata masu awon hatsi a nan Daura da kewaye. Na yi wannan rubutu ne cikin azumin 2020, lokacin kullen korona.

Tun da aka sa dokar kulle a garin nan cikin Afrilun 2020, bayan rasuwar likitan da aka tabbatar yana ɗauke da cutar korona, Allah ya jiƙansa, duk wanda na yi waya da shi kukan masallaci yake yi. Juma'a ta zo ta wuce muna gida. Ga azumi ya kama, asham a tsakar gida, tafsiri sai dai a rediyo. Ni ma abin yana ci mini rai, domin tun tasowata ban taɓa ganin haka ba. Sai dai har yau ban ji mai kukan abin da muke aikatawa da mudu ba, alhali shi babu hukumar da ta karɓe shi daga hannunmu.

Da kaina zan fara. Ranar da aka ɗan sassauta don mutane su sayi abinci, wata dattijuwa da ke suyar ƙosai a bakin layinmu ta zo awon gero. Kaskonta ya yi kwanaki a kife, tunda babu mai fitowa saye. Na faɗa mata kuɗin tiya, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wancan makon ba haka ka ce mini ba." Na ce, "Inna, kaya ne suka tashi." Ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga abin da ke ciki har sau biyu, ta ce in auna mata rabi. Da za ta tafi sai ta ce, "Allah ya ba mu wucewa lafiya." Ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba.

Geron nan tun da kaka na saye shi, lokacin yana araha. Bai hau mota a wannan watan ba, ban biya ɗan dako a kansa ba. Na ƙara kuɗi ne kawai don na ji maƙwabtana sun ƙara, kuma na san mai saye ba shi da inda zai je. Daren nan na tsaya sallah, zuciyata tana wurin rabin tiyar da ta bari. Da gari ya waye na aika yaro ya kai mata, amma na san ba ita kaɗai na auna wa a ranar ba, kuma sauran ban san gidajensu duka ba.

Na san amsar da wasunmu za su bayar, kuma akwai gaskiya a cikinta. A wannan azumi na 2020 iyakarmu da Nijar a rufe take tun Agustan 2019, abin da ke shigowa ta Kongolam, can bakin iyaka, ya tsaya. Motocin kaya sun ragu, kuɗin mota ya hau, wanda ya saba sari a Mai'aduwa ranar Lahadi yanzu sai ya sha wuya. Wanda ya sayo da tsada ba a ce ya sayar da asara ba. An taɓa roƙon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi a Madina lokacin da kaya suka yi tsada, bai yi ba, ya ce Allah ne mai sa farashi. To amma shi ne kuma ya ce babu mai ɓoye kaya sai mai saɓo, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Kowannenmu ya san buhun da ya sayo jiya da wanda ya kwana wata biyar a sito. Mai saye bai sani ba, mala'ikun da ke rubutu sun sani.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarin kuɗi muni, wanda cunkoson kwanakin nan ya ba wa dama. Mutane suna sauri, kowa na tsoron lokaci ya ƙure a kore shi gida, babu mai tsayawa ya duba. Sai a buga gindin kwano ya lotsa ciki. Sai a share tozon awo da gefen hannu. Sai a zuba wake mai ƙwari a ƙasa a rufe da mai kyau. Annabi ya taɓa cusa hannunsa cikin tulin abinci a kasuwa ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce masa don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Sura guda Allah ya buɗe da azaba ga masu tauye awo, Wailun lil muɗaffifin, yaranmu na allo ma sun haddace ta. Da wane baki za mu karanta ta a asham da dare bayan mun tauye wa marainiya da rana?

Kai ma mai saye, da kai nake. Alhaji, Allah ya hore maka, ka zo da mota ka kwashe buhu goma don tsoron gobe, na bayanka mai neman kwano ɗaya ya tarar farashi ya tashi saboda kai. Hajiya, yarinyar da ta kawo miki tumatir a faranti ba ita ce wurin gwada iya ciniki ba a wannan watan. In kina da hali ki biya yadda ta faɗa.

Yawancin mutanen garin nan hannu baka hannu ƙwarya suke. Ɗan acaɓa, ɗan garuwa, mai wankin hula, birkila, malamin makarantar kuɗi da aka rufe, yaron shagon da aka ce ya zauna gida sai an neme shi. Zaman gida ga mai albashi hutu ne, ga waɗannan kuwa kowace safiya tambaya ce. In kana da yaro a ƙarƙashinka kada ka yanke masa ɗan abin da ka saba ba shi don shago bai buɗe ba. Shekara nawa yana buɗe maka shi da sassafe?

Sai littafin bashi. Nawa ya cika, na san naku ma haka. Akwai sunayen da ban taɓa zaton zan rubuta ba, magidanta masu rufin asiri da suke aiko yaro bayan magariba don kada a gan su. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 280, idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, kuma ku yafe ya fi muku alheri. Ban ce kowa ya yafe duka ba, mu ma jari muke juyawa, wasunmu ma bashin ne a kansu. Amma ka buɗe littafin yau, ka zaɓi suna ɗaya ko biyu da ka san wallahi ba su da shi, ka ja layi a kai, ka kira shi a waya ka gaya masa don ya samu barci. Sauran kuma kada ka aika musu yaro ƙofar gida, kada ka yi zancensu a majalisa.

Masu cewa babu cutar, ko su ce sa takunkumi rashin tawakkali ne, su tuna Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah ne? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mai awo yana mu'amala da hannu ɗari a yini, kuɗi na fita daga wannan aljihu zuwa wancan. Ajiye buta da sabulu a bakin rumfa, rufe hanci da baki, ka ce wa mutane su ba da tazara. In kana tari da zazzaɓi ka bar ɗanka ya tsaya maka, ka nemi ma'aikatan lafiya.

Zakkar fidda kai na tafe, kuma a hannunmu za a auna ta, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum. Talaka zai saya ya ba wanda ya fi shi talauci. Ina roƙonku don Allah, a makon nan kada wanda ya ƙara ko sisi a kan gero da dawa da masara. Ni na mayar da tsohon gerona kuɗin da yake kafin kulle, har ya ƙare. Wanda na auna wa a waccan ranar, in wannan rubutu ya iso gare shi, ya zo rumfa ya karɓi cikonsa.