Mu rage angire a gonar shinkafa, mu gwada zamarke

Jama'a masu noman shinkafa a bakin kogi wajen Yamai, daga Saga, Kirkisoye har Libore da N'Dunga, dan Allah ku tsaya ku karanta wannan. Tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi buhun angire, wato takin zamani, ya yi tsada, manomi ya ci bashi ya zuba ire (farin takin urée) da kanz-kanz (takin NPK 15-15-15), in an yi girbi ya biya taki ya biya kuɗin ruwa na kwaperatif, abin da ya rage ko cefanen gida bai kai ba. Kuma ƙasar kanta ta gaji, noma sau biyu a shekara, rani da damina, ga bambaro ana kwashewa a saida ma masu dabbobi ko a cinna mishi wuta, babu abin da ke komawa cikinta.

Zamarken nan da ke fitowa gefen kanal muna ta sarewa, taki ne wallahi. Ka tuge guda ka duba saiwarshi, za ka ga wasu ƙulli-ƙulli ƙanana, ka fasa da farce cikinsu ja-ja ne, to nan wasu ƙwayoyin halitta ke zaune suna jawo azot daga iska, sinadarin da muke saye cikin ire, wanda kashi 46 cikin ɗari na buhun shi ne. Akwai ma irin da masana ke kira Sesbania rostrata, shi har a jikin karanshi ƙullin ke fitowa, kuma ruwa kwance bai dame shi ba. Ana watsa iri bayan girbi, a bar shi kamar kwana 45 zuwa 60, tun yana ɗanye kafin ya yi fure a sare a turbuɗe da garma, a sako ruwa ya ruɓe mako ɗaya ko biyu sannan a dasa shinkafa.

Ban ce a daina sayen angire ba fa. Zamarke azot yake kawowa, fosfat kuma ƙasarmu na da ƙarancinshi, dole a nemo. Amma ire zai ragu, ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa. Wake ma yana yin irin wannan aikin, sai dai wa zai yarda ya binne harawa alhali masu ragunan layya na jira da kuɗi a hannu? Shi ya sa na fi son zamarke.

Inda gizo ke saƙar shi ne mutum ɗaya ba zai iya ba. Tazarar da ke tsakanin girbin rani da dashen damina gajera ce, ruwa kuma tare ake sako ma kowa, in kai kaɗai ka shuka awaki ma sun ishe ka. Shugabannin kwaperatif, ku zauna da malaman gona na ONAHA, ma'aikatar kula da filayen noman ban ruwa, da INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, ku ware fili kaɗan bana, rabi da zamarke rabi babu, ranar girbi a ƙirga buhuna gaban kowa.