Wannan ba fuskar Inna ba ce

Satin da ya wuce ƙanena ya turo hoton kakarmu Inna a gurup ɗin gida na WhatsApp, wai ya gyara shi da manhajar AI. Tsohon hoto ne baƙi da fari, wani mai hoto da ke yawo a keke ne ya ɗauke ta ranar kasuwa a ƙauyenmu ta wajen Ringim. Wallahi ban gane ta ba. An goge tsagar kumatunta, an sirantar da hancin, fata ta koma fara sol kamar 'yar fim ɗin Indiya, ga dangi sai tura masha Allah suke ta yi.

Ni ba faɗa nake da dijital ba. Injiniyan Kodak ne ma, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kamfanin ya ci gaba da rungumar fim ɗin kyamara har ya durƙushe a 2012. Kannywood ɗinmu da kaset ta faro a 1990, ta koma CD, yanzu sai YouTube da masu turi a shagon caji. Wannan duk sauyin kayan aiki ne, kowa ya amfana.

Abin da ke ci min rai shi ne hoto ya daina zama shaida. Da can fim ɗaya hoto 36 yake ci, sai an kai birni an wanke, ka jira sati, amma abin da ya dawo kai ne, da wushiryarka da komai. Yanzu je ka bikin ƙauye ka gani, yaro ya ɗauki amarya da waya, ya zuba mata filta, ya cire dangar kara da rumbu ya sa mata falon otal a baya, kamar gidan ubanta abin kunya ne. A fim ma haka, jaruma baƙa a kasuwa, fara a allo.

Masu cewa ai kwalliya ce kawai, da ma ana shafa hoda kafin a tsaya gaban kyamara, su faɗa min hodar da ta taɓa goge tsaga. Tsagar nan ita ke nuna daga wane gida Inna ta fito, ba datti ba ne da na'ura za ta share.

Masu hoton biki su riƙa ba mutane na asali tare da wanda suka yi wa editin, a kuma wanke ko guda biyar a ajiye. Na Inna dai na karɓo shi daga hannun ƙanen nawa, yana cikin leda a ƙasan adakar mahaifiyata.