Gidan mai na farko a Kanada ba famfo gare shi ba

Mutane da yawa sun ɗauka tun farko gidan mai a ƙasashen Turawa da famfo da mita da rumfa ya fara, to ba haka abin yake ba. A birnin Bankuba, a 1907, kamfanin Imperial Oil ya buɗe wanda ake kira na farko a Kanada, kuma wallahi tankin ruwan zafi ne na kicin aka ɗora a kan dakali aka jona masa tiyon ban ruwa, shi ke nan, mai ya gangaro cikin mota. Kafin nan da bokiti da mazurari ake ɗurawa, rabi a ƙasa. Gyara kuwa ba a nan ake yi ba, maƙera da masu gyaran keke ne suka fara zama kanikawa.