Murar tsuntsaye: jinkirin diyya ne ke kai cuta kasuwa

Duk mai gonar kaji ya san abin da ke biyo baya idan aka wayi gari da matattun kaji ɗari a ɗaki ɗaya. Kafin likitan dabbobi ya ji labari, an kira dillali, an kwashe masu sauran numfashi a farashin asara, sun nufi kasuwa. Ta wannan ƙofa murar tsuntsaye take fita daga gona, kuma ita ce ƙofar da hukuma ta fi sakaci da ita.

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gona a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a kajin Afirka. A farkon 2007 cutar ta kashe wata matashiya a Legas. Ta sake ɓulla a Kano da Legas a 2015. A duniya kuwa, kusan rabin mutanen da aka tabbatar sun kamu tun 2003 sun rasu.

Naman da ya dahu har zafin cikinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Celsius ba shi da haɗari. Haɗarin yana wajen yanka da figa da fitar da kayan ciki, inda jini da majina da ƙurar kashin kaza ke shiga ido da hanci. Wato yaron da ke figa a bakin kasuwa da uwargida a madafa su ne a gaba. Alamomin cutar a jikin kaji a bayyane suke: mutuwar farat ɗaya, kumburin kai da fuska, jajayen tabo a ƙafa, ƙwai ya ɗauke. Sai dai ido ba ya raba ta da wasu cututtukan kaji. Gwaji ne ke rabawa, irin wanda ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, jihar Filato. Agwagwa ma takan ɗauki ƙwayar cutar tana yawonta lafiya lau.

Abin yi a gona ba ɓoyayye ba ne. A rufe ƙofa, kada kaza ko ƙwai ko taki ya fita. A binne matattu a rami mai zurfin mita 2, nesa da rijiya, da safar hannu da takunkumi. Kiret ɗin ƙwai na takarda ba ya wankuwa, ƙona shi ake yi. Sabbin kaji a ware su mako uku kafin a haɗa.

To amma wa zai rufe ƙofa a kan jarinsa alhali bai san ranar biya ba? A 2006 naira 250 aka fara biya a matsayin diyya kan kowace kazar da hukuma ta kashe don daƙile cutar, ƙasa da kuɗinta a kasuwa, kuma hakan ya ƙarfafa ɓoye-ɓoye. A ganinmu, gwamnatocin jihohi su ware kuɗin diyya tun kafin hunturu, lokacin da cutar ta fi tashi, a ƙayyade shi kusa da farashin kasuwa, a biya cikin mako biyu da kashe kajin, har da mai kaji ashirin a bayan gida.