Asusun banki da aka manta: magada ne ke asara

A Damagaram akwai mutane da dama da suke da asusu a banki amma sun yi shekaru ba su leƙa shi ba. Wani ya buɗe ne lokacin da yake aikin kwantaragi, wani ɗan ci-rani ne da ya ajiye ɗan abin da ya tara kafin ya kama hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, wani kuwa ɗan kasuwar Dole ne da ya koma hulɗa da kamfanonin aika kuɗi domin sun fi masa sauri. Galibinsu sun ɗauka kuɗin na nan yana jiransu har abada, alhali doka ta yanke masa wa'adi.

Tun a shekarar 2012 majalisar ministocin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa ta amince da doka ta bai ɗaya a kan irin wannan asusu. Idan shekara 8 ta wuce mai asusu bai saka ba, bai cire ba, bai kuma tuntuɓi bankin ba, wajibi ne bankin ya neme shi ko magadansa. Idan aka cika shekara 10 ba labari, sai a rufe asusun a miƙa kuɗin ga babban bankin waɗannan ƙasashe, wato BCEAO, wanda zai riƙe su shekara 20 ana iya zuwa a nema. Da zarar an cika shekara 30 daga motsi na ƙarshe, haƙƙin nema ya faɗi, kuɗin sun koma baitulmalin gwamnati.

Wani zai ce shekara 30 ai da sauran lokaci. Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda ake neman mai asusun. Banki yana dogara ne da lambar waya da adireshin da aka ba shi ranar buɗewa, mu kuwa mun san yadda ake sauya layin waya a nan, mun kuma san gidaje ƙalilan ne a unguwar Birni ko Zango suke da akwatin gidan waya. Ga kuma al'adarmu ta ɓoye samu, inda magidanci ba ya gaya wa ko matarsa cewa yana da ajiya. Idan ta Allah ta kasance, a raba gona da gida da dabbobi, kuɗin banki kuwa babu wanda ya san da su, marayu suna cikin buƙata haƙƙinsu yana kwance a wani wuri. Addininmu da ya kwaɗaitar da rubuta wasiyya bai yarda a yi wasa da dukiyar maraya haka ba.

Raya asusu ba shi da wahala. Ko jaka ɗaya mutum ya saka sau ɗaya a shekara, ko ya je da katin shaidarsa ya sabunta lambar wayarsa, an ƙidaya shi a matsayin motsi. Sai dai a lura da bambanci: asusun yau da kullum yawanci ana cire masa kuɗin kula, wanda zai iya cinye ƴar ajiya sannu a hankali, shi kuwa asusun ajiya mai littafi yana cikin hidimomin da BCEAO ta ce a riƙa yi kyauta tun 2014, haka ma rufe asusu. Wanda ya san ba ya buƙatar nasa, gara ya rufe ya karɓi abinsa da hannunsa. Wanda zai yi doguwar tafiya kuma ya rubuta sunan banki da lambar asusu ya bar wa amintacce a gida.

Su ma bankuna akwai aiki a gabansu, domin aika wasiƙa da Faransanci zuwa tsohon adireshi bai isa a kira shi nema ba. Ya kamata su bi ta gidajen rediyo da Hausa da Barbarci, su bi ta masu unguwanni, su kuma bayyana wa magada a fili cewa da takardar mutuwa da takardar gado daga kotu za su iya zuwa su tambayi ko mamacinsu ya bar wani abu.