Kafin a sa hannu a takardar likita

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

A Abuja yau dangi da yawa sun san tsayuwa a ƙofar ɗakin kulawa ta musamman, ko a Asibitin Ƙasa, ko na Gwagwalada, ko wani na kuɗi. Baba na ciki, inji ke yi masa numfashi, likita ya leƙo ya ce a kira manyan gida, a yanke shawara ko za a sa hannu a cire injin. A nan kawuna ke rabuwa. Babbar 'ya ta yi makonni tana kwana kan tabarma a baranda, ita ke ganin ƙafafunsa sun kumbura, bayansa ya fara gyambo saboda kwanciya. Yaya kuwa daga Ingila yake turo murya a WhatsApp: "Ko nawa ne a kashe, kada wanda ya taɓa injin nan." Dukansu ƙauna ce ke magana, amma ɗaya ce ta gani da idonta.

Malamai ba su bar mu cikin duhu ba. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta ce idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ba dawowa, ya halatta a cire injin. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a Makka ma ta halatta, da sharaɗin likitoci uku su haɗu a kan haka, sai dai ta ce ba a ɗaukar majiyyacin ya rasu sai zuciya da numfashi sun tsaya. Ke nan ba maganar takaba ko gado kafin lokacin. Wannan daban da yi wa majiyyaci allurar da za ta ɗauke ransa. Wancan kisa ne, haramun ne, ko da shi ya roƙa. Wanda kuma likitoci ke da sauran fata a kansa, tsada kaɗai ba ta zama hujjar janye masa magani alhali akwai hali.

Don haka ku zauna ku yi shawara, kamar yadda Allah Ya siffanta muminai a Suratus Shura. A tambayi likita ƙarara: akwai alamar farfaɗowa ko babu? A saurari Mama, don sau da yawa ita aka faɗa wa abin da yake so tun yana da lafiya, kuma ita ake mantawa a kujerar ƙarshe. Kada lissafin kuɗi ya ɗauke hankali har a bar shi ba mai laƙƙana masa kalmar shahada.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bayan an dawo daga maƙabartar Gudu. Ana zaman makoki, sai a ji wata gwaggo na raɗa: "Ai su suka sa hannu aka cire." Subhanallah! Wa ya isa ya rage wa rai sa'a guda daga ajalinsa? Annabi (SAW) ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", ya ce "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Kuka ba laifi, shi ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Laifin shi ne ɗora wa marainiya nauyin kisan ubanta.

Gwaggo, in taimako kike so, a dafa abinci a kai musu kamar yadda aka yi wa iyalan Ja'afar, ɗan baffan Annabi (SAW), lokacin da ya yi shahada. Kai kuma Yaya, kuɗin da ka tanada don asibiti, a bincika bashin Baba a biya da su tun kafin a taɓa gado.