Fim ɗin da aka ce wai ba shi da labari

Jiya da daddare na sake kallon Mad Max: Fury Road, karo na uku ke nan, don wani abokina ya kafe wai tseren motoci ne kawai, an fita an dawo, shi ke nan. Malam, ban yarda ba.

E, zaren labarin gajere ne. Furiosa (Charlize Theron) ta ɓoye matan azzalumin sarki Immortan Joe su biyar a cikin tankar yaƙi, ta nufi dausayin da aka haife ta. Suka je suka tarar ƙasar ta mutu, sai taɓo da hankaki. Suka juyo. Amma wanda ya tsaya ƙirga motocin da suka ƙone bai lura da abin da ake faɗa a kansa ba.

Ruwa ne. Ku duba farkon fim ɗin. Joe yana tsaye a saman dutse, talakawa a ƙasa da ɓarin tukwane da kwanuka, leɓe duk ya tsage. Ya ja ƙarfe, ruwa ya ɓarke daga manyan bututu, rabinsa yana bin ƙasa mutane suna tattake juna. Kafin kowa ya cika kwanonsa ya rufe, har yana yi musu wa'azi kada su saba da ruwa, don za su ji haushi in sun rasa shi. Alhali daga ƙarƙashin ƙasa yake janyo shi, ya ishi kowa. Duk wanda ya taɓa bin layi da jarka yana jiran mai makullin famfo ya ga dama, ba sai an fassara masa wannan wurin ba.

Abin dariya, ruwa ne ya kori fim ɗin daga gida. A Broken Hill ta Ostireliya aka shirya ɗauka, sai aka tafka ruwan sama hamada ta yi fure, dole aka kwashi motoci zuwa Namibiya a 2012. Daraktan fim ɗin George Miller, wanda likita ne kafin ya shiga harkar fim, shi ya fara jerin finafinan Mad Max tun 1979 da Mel Gibson a matsayin Max. Shekara 30 tsakanin na uku da wannan, ya fito da shi a 2015 yana ɗan shekara 70. Kyautar Oscar shida ya ɗauka, ɗaya ta matarsa ce Margaret Sixel da ta tace hotunan.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Tom Hardy da ya fito a Max gurnani ya fi yi a kan magana, sunan Max ne a kan fim amma kamar ɗan rakiya yake. Shigar matan nan biyar kuwa, kada ka kunna shi yara suna falo. Mai jita da ke feshin wuta a kan mota, har yau na kasa yanke ko hauka ne ko gwaninta.

Wadda ta fi zauna mini a rai wata tsohuwa ce cikin matan babura, 'yan ƙabilar Furiosa da suka rage. Tana yawo da jakar iri, duk inda ta samu ta gwada shukawa, ba ya tsirowa, ba ta kuma daina ba. Da ta mutu a hanyar komawa, ɗaya daga cikin 'yan matan ta ɗauki jakar ta rungume. Na mayar da wurin baya sau biyu na tura wa abokin nawa. Ya turo mini da cewa shi dai motar mai jita ta fi burge shi.